Bido Biyu, Ruwa Ɗaya

Na yi yawo, wannan ba fariya ba ce. Aikin duba dabbobi ya kai ni har bayan Agadas, na kwana bisa benci a tashar Kwatano, na sha shayi da mutanen da ko gaisuwarsu ban ji. Shi ya sa ranar da na ce ma maiɗakina, hutun lekkol, wato makaranta, na bana za mu kwashi yara mu kai su tungar mahaifiyarta, mu kwana ɗaya a daji bisa hanya su ga taurari, na yi maganar awa mutumin da ya san abin da ake sawa cikin mota.

Ta ce, "Malam, kai kaɗai ka saba yawonka. Ba ka taɓa yi da yara ba."

Na ce, "Yara ba mutane ba ne?"

"Mutane ne. Amma ɗaya cikinsu ka san yadda take."

Autarmu take nufi. Maza biyu ke gabanta, ƙarti masu ci awa fara, ita ko ta zo duniya da amosanin jini. Likitan da ya duba ta a Yamai bai ba mu dogon bayani ba. Ya ce kada ta ji sanyi, kuma kada ta ji ƙishi, ko kaɗan. In jikinta ya rasa ruwa ciwon na tashi, ya fara daga yatsu, ya hau ƙafafu, sai ka ji yarinya na kuka kamar ana daka mata ƙashi cikin turmi. Mun gani sau biyu, ba mu son na uku. Amma ta daɗe tana roƙon a kai ta wajen kakarta, kuma ba ta taɓa fita Filinge ba in ba zuwa asibiti ba. Uwar ta yarda bisa sharaɗi guda: bido biyu na ruwa, wato jarka, manya, cike har baki. Ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na auta.

Zamanin soja ne, na farkon da na sani da wayona. Daga baya sun tafi, sun dawo, sun sake tafiya, har mun daina mamaki. Amma lokacin nan ana tsoron su ƙwarai. Kowace mafita ta gari akwai shinge, ganga biyu da sanda, kuma an hana yawo da mai ko kananzir a bido. In anka kama ka da shi, kayan sun tafi, kai ma sai ka yi bayani mai tsawo.

Motata tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, wadda na saya hannun wani ɗan kwangila bayan ta gama ƙuruciyarta. Tun da maraice munka fara loda ta. Ni na sa abin da na sani: shebur, tayar canji, pompo, fallen kwano biyu na shimfiɗa ma taya in yashi ya riƙe ta, igiya, tocila. Ita ta sa abin da ta sani, wanda ya ninka nawa: tabarmi, sange saboda sauro, barguna har da na auta mai kauri, murhun gawayi, tukunya, butar shayi, garin rogo da ƙuli, dabino, maganin yarinya cikin gwangwani, da wata ƴar gora ta roba da auta ke ratayawa a wuya. Bidunan biyu ta ɗinke su cikin buhun algarara, yadda kowa ke yi wajenmu, a jiƙa buhun da ruwa, iska na bugu ruwan ciki na sanyi. Ta cika su ta aje bayan rumbu, cikin inuwa.

To, a Filinge mutum ba ya tafiya da mota shi kaɗai da iyalinshi. Da safe tun ban gama karin kumallo ba ƙofar gida ta cika. Wannan na da ƙullin daddawa za a kai ma ƙanwarta. Wancan na da takalmi ƙafa ɗaya da anka gyara ma kawunshi. Wani ya kawo zakara da ƙafafu a ɗaure. Ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi ɗaukar saƙo, ranar da tashi ta same shi zai ga ƙofarshi wayam. Sai ka karɓa kana murmushi, kana duban bayan motarka na sauka ƙasa.

Abin da ya faru da safen nan ban san shi ba sai daga baya, amma gara in faɗa muku yanzu. Na ɗauko bido ɗaya daga bayan rumbu na sa a mota, sannan na zaga wajen mai faci a ƙara ma tayar canji iska. Ina can, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo da nata saƙon. Ɗiyarta na aure a tungar da za mu, kuma can kananzir ya fi nama wuyar samu. Tsohuwar ta san shinge, ta san soja. Sai ta cika bido da kananzir, ta toshe bakin da leda kafin ta murɗa marfi, ta ɗinke shi cikin buhu, ta jiƙa shi sharkaf, ya zama bidon ruwa sak. Ta sa anka ɗora mata shi gefen namu. Ba ta faɗa ma kowa ba, don kada mu ji tsoro mu ƙi. A tunaninta in mun isa ɗiyarta za ta gane ɗinkin uwarta.

Maiɗakina ta fito ta leƙa mota, ta ga bido biyu na ɗigar da ruwa, ta ce Malam ya loda. Na dawo na leƙa, na ga biyu, na ce ta sa an ɗauko na biyun. Wari kuwa, wa zai ji warin kananzir cikin motar da ke warin mai tun ranar da anka ƙera ta, ga daddawar mutane a kai? Munka yi addu'a, munka tashi. Ruwan auta na zaune bayan rumbu cikin inuwa.

A shingen fita gari wani soja dogo ya ɗaga hannu. Ya karɓi takardu ya duba, ya zaga bayan mota a hankali, yana taɓa kaya da bakin bindiga. Zakara ya yi ƙara.

"Tsoho, hijira za ka?"

"A'a shef, ziyara ce. Gidan surukai."

"Da wanga kaya duk? Ka yi laifi babba kenan." Ya buga bido ɗaya da tafin hannu. "Mi ke ciki?"

"Ruwa ne, shef. Duka biyun ruwa."

"Kowa ruwa yake cewa."

Na ce ya buɗe ya gani, da zuciya ɗaya na faɗa. Ya tsaya yana duban su, wannan, wancan. Ya kama na kusa da shi ya murɗe marfi, ya shinshina, ya ɗan zuba a hannu ya kai baki.

"Kai, da sanyi." Ya juya ya kira abokan aikinshi da ke ƙarƙashin iccen bedi. "Ku kawo butoci, tsoho ya zo muna da firiji."

Sunka cika buta biyu da wata babbar kwalla. Maiɗakina na kallo ta madubi. Da munka wuce ta ce, "Sun kwashi kusan rabi."

Na ce, "Na kowa da kowa ne sunka taɓa. Na auta na nan ba a ko buɗe ba."

Hanyar Bonkuku ba ta ba mu wahala ba. Yara na waƙa, auta na zaune bisa cinyar uwarta a gaba, tana tambayar sunan kowane icce. Duk bayan ɗan lokaci uwar ta ce, "Sha," ita ko ta ɗaga ƴar gorarta ta sha. In gorar ta yi ƙasa a tsaya a cika ta daga bidon da anka buɗe. A Bonkuku mun tsaya mun sayi ƙosai. Akwai pompon ruwa nan bakin kasuwa, mata sun yi layi. Na dube shi, na tuna muna da bido guda cike, na ja mota.

Daga nan munka bar babbar hanya munka shiga yashi, gabas, tsakanin gonakin da anka girbe, sai karan hatsi tsaye. Rana ta hau. Mota ta fara nishi da nauyin saƙon mutane, can sai tururi ya taso daga gaba. Na tsaya, na jira ta huce, na ba ta ruwa ta sha, ta sha da yawa. Azahar ta yi, munka yi alwala. Mazan nan biyu sunka zuba ma kansu ruwa suna dariya, ban hana su ba. Abin da ya rage ƙasan bido uwar ta tsiyaye cikin gorar auta, bai ko cika ta ba.

Ba mu yi nisa ba munka faɗa wani kwari mai yashi laushi awa gari. Tayoyin baya sunka nutse har gindi. Na sauko da shebur da fallen kwano, na haƙa, na shimfiɗa, na tayar, ta ƙara nutsewa. Na sake haƙa. Zufa ta jiƙa ni har wando. La'asar ta kusa, na ce a bar ta, nan ma daji ne, nan za mu kwana, da sanyin safiya yashi ya fi riƙe taya. Akwai wani iccen gawo babba kusa. Yara sunka yi murna, sunka fara jan tabarmi.

Maiɗakina ta ce ma babban, "Sauko muna da bidon auta."

Ita ta buɗe. Na ga ta tsaya da marfin a hannu, tana duban ledar da ke toshe da bakin. Ta cire ledar. Ba ta ko kai hanci ba, warin ya iso ni inda nike.

"Malam."

Na zo na durƙusa. Na tsoma yatsa, kamar yatsa zai faɗa min wani abu daban.

"Wa ya ɗauko wanga?"

"Ba ke ba?"

"Ba kai ba?"

Ta miƙe ta tafi wajen auta, ta cire gorar daga wuyanta ta girgiza kusa da kunne. Ƙasa da rabi. Ta buɗe butar shayi, akwai ɗan abin da bai kai kofi ba. Shi kenan ruwan da ke gare mu, mu biyar da zakara.

Ƙaramin namijin ya ce, "Inna, ni ma ƙishi nike ji."

Ta ce, "Na sani. Tsotsi ƙwallon dabino. Wanga na ƙanwarka ne."

Ya buɗe baki zai yi gardama, wanshi ya ja shi gefe.

Auta na zaune bisa tabarma tana kallon mu. Yarinyar da ta san asibiti tana gane fuskar manya da wuri. Ta ce, "Baba, ba ni jin ƙishi." Leɓenta ko ya bushe ya yi fari. Ta sa hannu ɗaya ta riƙe yatsun ɗayan tana matsawa, a hankali, tana zaton ba mu gani.

Uwar ta ja ni bayan mota. Nan ƙasarsu ce, ta bi hanyar nan bisa jaki tana yarinya. Ta ce Bonkuku ta yi nisa da ƙafa, tunga ta fi nisa. Amma akwai wata rijiya ta makiyaya wajen yamma, inda ƙasa ke gangarawa, in ba ta rufta ba.

"Bi sawun shanu. Kada ka tsaya gaisuwa mai tsawo da kowa, na san ka."

Na ɗauki bidon da babu kome na kama hanya. Na yi tafiya a wurare masu ban tsoro, amma ban taɓa jin ƙafafuna sun yi min nauyi awa ranar nan ba. Ƙarangiya ta cika min wando. Sawun shanun ya rabu biyu, na zaɓi wanda kashin ya fi ɗanye. Ina tafiya ina lissafin gorar nan, in uwar na ba ta da marfi marfi, yaushe za ta ƙare. Rana na sauka gabana, tana shiga ido. Na hau tudu, ba kome. Na hau wani, sai kara da sabara. Na fara tunanin ko na ɗauki sawun da ba shi ba, ko in koma, kuma in na koma hannu wofi mi zan ce.

Bayan tudu na uku na ga itace biyu gicciye bisa bakin rami, ƙasa ta tattake kewaye. Na ruga. Rijiyar na nan, na leƙa, can ƙasa ruwa na ƙyalli.

Babu guga. Rijiyar daji ba ta da guga, kowa da nashi yake zuwa ya koma da shi. Na san haka tun ina yaro. Igiyata kuwa tana can ɗaure da kayan mutane bisa mota.

Na kwance rawani na ɗaura a hannun bido na zura. Bai kai ko rabi ba. Na tuɓe riga na ƙulla. Na zare mazagin wando na ƙara. Na kwanta ruf da ciki bisa iccen, na miƙa hannu iya tsawona, bidon na lilo, tsakaninshi da ruwa kamar tsayin mutum. Na duba bangon rijiyar ko zan iya sauka. Yashi ne ke zuba da kanshi. In na shiga ya rufta, babu mai kai ma yarinya ruwa, babu mai fidda mota. Na yi kira, na yi kira har muryata ta dushe. Ba wanda ya amsa.

Ban san tsawon zaman da na yi nan ba. Rana ta yi ja. Sai na ji kukan jaki bayana.

Wata mata ce, ba yarinya ba, da jaki da salka biyu da awaki na bin ta. Ta tsaya nesa. Ku duba abin da ta tarar: ƙato ba riga ba hula, hannu ɗaya riƙe da wando kada ya faɗi, ɗayan riƙe da rawani cikin rijiya. Ta ɗaga sanda. Na gaishe ta da Hausa, ta amsa da Zabarmanci. Zabarmancina na kasuwa ne, amma ranar nan ya isa. Na ce yarinya, na ce ciwo, na ce ruwa, na nuna gabas.

Ta sauke guga ta fara ja. Awakinta na kuka suna turereniya, ta kore su da ƙafa, ta cika bidona tukun. Na kafa kai cikin guga na sha har na sarƙe. Ta ɗora bidon bisa jaki, ta ɗaure awakin jikin icce ba su sha ba, ta ce min da hannu in wuce gaba. Sai da munka hau tudu ta ce wani abu tana nuna wandona, ta yi dariya. Na tsaya na mai da mazagi.

Mun iso ana ganin mutum da ƙyar. Tun daga nesa na ji sautin da nike tsoro, ba kuka mai ƙarfi ba, wani nishi siriri mai fita ta hanci. Auta na naɗe cikin bargonta mai kauri, ta dunƙule, uwar na murza mata hannuwa. Gorar na gefe, ba marfi, a kife. Mazan sun riga sun hura gawayi, uwarsu ta sa su, don ta ce in ruwa ya zo kada a jira wuta.

Ruwan ja ne, da ɗan warin dabbobi. Na zuba a kofi zan miƙa, uwar ta riƙe min hannu.

"Sai an tafasa."

"Ki dube ta."

"Ina ganin ta. In zawo ya kama ta nan, wa ke gare mu?"

Ta tace da kallabinta cikin butar shayi ta ɗora bisa wuta. Auta ta ga ruwa, ta fara kuka sosai. "Inna, kaɗan. Inna, don Allah, kaɗan." Uwar ba ta dube ta ba, tana ta fifita wuta da murfin tukunya, hawaye na zuba mata. Ban taɓa ganin buta mai jinkirin tafasa irin wannan ba. Matar mai jaki ta zauna ta ɗauki ƙafafun yarinyar bisa cinyarta tana matsawa, tana yi mata wata magana a hankali da harshen da auta ba ta ji.

Da ya tafasa na karɓa, na riƙa juya shi daga kofi zuwa kofi awa mai shayi, daga sama, don ya huce. Uwar ta ɗaga kan auta ta ba ta ruwan da magani. Kofi ɗaya. Ta jira. Wani kofin. Anka sake ɗora buta, mazan sunka sha, zakara ma anka ba shi a murfi. Matar ta miƙe ta ce awakinta, ta nuna mota, ta nuna gabas inda rana ke fitowa, ta ƙirga maza da yatsu. Na gane da safe za ta turo mutanensu. Na bi ta da dabino da sukari, ta karɓi dabinon kawai ta tafi.

Munka zauna. Ba wanda ya yi zancen abinci, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi taurarin da munka zo gani. Uwar ta ce da an fidda mota Bonkuku za mu koma wajen likita, kaka ta jira wata shekara. Na ce to. Nishin ya ragu, ya dawo, ya ragu. Abin da muke jira guda ne, likita ya faɗa muna tun a Yamai: in ruwa ya ratsa jikinta, za mu gani.

Na yi sallar isha'i da taimama, ga bido kusan cike gefena. Ina sallamewa na ji motsi cikin bargo.

"Inna."

"Na'am, uwata. Yatsun ne?"

"Sun rage." Ta leƙo daga bargo. "Fitsari nike ji."

Uwar ta rufe fuska da hannu biyu. Ni ko na miƙe da sauri har na taka tocila.

"Baba, ba kai ba," auta ta ce. "Inna za ta kai ni. Kai ka juya baya."

Na juya baya. Mazan ma na sa sunka juya. Munka tsaya mu uku a jere muna fuskantar mota, muna saurare.